Gwaggo da Malam Saura-Kaɗan

Duk wanda ya san Malam Saura-Kaɗan ya san ba a gama abu a gabansa. Ka wanke mota ka goge ta har tana ɗaukar ido, zai zagaya ta, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla, ta yi kyau. Saura kaɗan." Sai ya karɓi tsumman daga hannunka. Matarsa ta shanya kaya, yana fitowa zai bi igiyar yana miƙar da kafaɗun riguna. Ba mugunta ba ce, ba raini ba ne, Allah ya sani, hannunsa ne kawai ke masa ƙaiƙayi. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan tun yana koyar da buga tafireta a makarantar koyon sana'a, sunan kuwa ya biyo shi har gida, har jikokinsa kan ce za su gidan Kaka Saura-Kaɗan.

To, wannan mutumin ne aka wayi gari yana neman wanda zai miƙa wa aiki, ruwa a jallo. Aikin kuwa shi ne Gwaggo.

Gwaggo ba mutum ba ce. Idan ka kunna kwamfuta, akwai fuskar da take tarbar ka da ita: tagogin da kake buɗewa kana rufewa, sandar da ke kwance a ƙasan allo, ɗan agogon da ke kusurwa, wurin da foldoji ke zaune. Wannan fuskar manhaja ce mai zaman kanta, kuma iri-iri ce. Akwai na manyan kamfanoni. Akwai kuma waɗanda mutane suka haɗu suka rubuta don ra'ayin kansu, suka bar cikinsu a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya leƙa, wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke. Gwaggo tana cikin waɗannan. Tana da sunanta na gaskiya, wani dogon suna mai karya harshe, amma a gidan Malam ba mai kiran ta da shi. 'Ya'yansa ne suka raɗa mata Gwaggo tun suna ƙanana, don sun ga kullum da safe ubansu sai ya shiga ya duba yadda ta kwana kafin ya tambayi lafiyar kowa.

Gwaggo ba ta tsayuwa da ƙafarta ita kaɗai. A kan wata babbar manhaja take zaune, kamar ɗaki a kan tushe. Masu haɗa wannan babbar manhajar ne suka aiko wa Malam imel, cikin ladabi, amma ba kwana-kwana. Sun ce za su sake tushen a fitowa ta gaba, saboda haka Gwaggo na bukatar gyara mai yawa. Sun kuma ce sun daina ɗaukar manhajar da mutum ɗaya tal ke riƙe da makullinta, wato izinin shigar da gyara da fitar da ita ga jama'a. In ba a sami mutum na biyu ba kafin su rufe ƙofa, za su sauke ta.

Malam ya karanta saƙon hancinsa na kusan taɓa allo. Dama likitan ido ya riga ya gaya masa gaskiya: ciwon da ke idonsa yana cin gani ne daga gefe-gefe, magani na rage masa gudu, amma ba ya dawo da abin da ya tafi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, rubutun bai sake zani ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a ɗakin likita.

Ɗakin da yake zaune tsohon sito ne a bayan kicin. Teburinsa tsohuwar ƙofa ce da ya ɗora a kan akwatuna, har yanzu ramin makullin yana nan, ta nan yake zura wayoyi. Akwai fanka mai kuka duk lokacin da ta juya hagu. A ƙarƙashin teburin kuma ga Jaka, wata tsohuwar kwamfuta mai nauyin tsiya wadda sai ka kunna ta ka je ka dafa shayi ka dawo kafin ta farka. A kanta ake gwada kowane gyara. In Gwaggo ta yi gudu a kan Jaka, to za ta yi gudu a ko'ina.

Kwamfutoci irin Jaka ne suka haɗa shi da Gwaggo tun farko. Lokacin da aka kwashe tafiretoci daga makarantarsu, wata ƙungiya ta ba su kyautar tsofaffin kwamfutoci da wani ofis ya gaji da su. Aka ce Malam ne zai kula da su, tunda shi ne mai kibod. Duk abin da ya ɗora musu sai su yi ta nishi, kai ka ce an ɗora wa tsoho buhu. Gwaggo ce kaɗai ta hau su ta zauna daram. Daga nan ya fara leƙa cikinta, yana karanta layukanta kamar mai koyon baƙon harshe, yau kalma ɗaya, gobe biyu. Wata rana ya lura idan sunan folda ya yi tsawo, ƙarshensa yana ɓuya a bayan wani maɓalli. Ya yi ta fama har ya gyara, ya aika da gyaran, wanda su a sana'arsu suke kira faci, kamar na taya.

Wallahi facin nan mummuna ne. Shi kansa daga baya in ya tuna sai ya rufe fuska. Amma mutumin da ya ƙirƙiro Gwaggo, wani likitan haƙori a wata ƙasa mai nisa, wanda ke rubuta manhaja tsakanin fitar wannan majinyaci da shigowar wancan, ya karɓe shi yadda yake, ko wasali bai taɓa ba. Amsarsa layi ɗaya ce: "Ya shiga. Sannu da zuwa."

Gwaggo tana da wata 'yar taga da ake kira tagar sunaye. Idan ka danna ta, sunayen duk waɗanda layukansu ke cikinta sai su riƙa hawa a hankali daga ƙasa, kamar ƙarshen fim. Ranar da sunan Malam ya hau, sai da ya ƙwala wa matarsa kira daga kicin. Ta zo hannunta jiƙe da ruwan wanke-wanke, ta tsaya a bayansa tana jira, sunaye na wucewa, har nasa ya ɓullo.

"To, Malam," in ji ta, "yanzu me za a ba ka?"

"Ba komai."

"Allah ya sanya alheri," ta ce, ta koma bakin aikinta tana dariya. Shi kuwa ya sake danna tagar.

Kai, zamani ke nan da aka yi. Zauren imel ɗinsu cike yake kamar bakin kasuwa. Ga Mai Haƙori da barkwancinsa, wanda in ya ga layin da ya ruɓe sai ya ce a cire shi kafin ya kumbura. Ga wata da ke kiran kanta Mujiya, mai faɗa kamar me, amma in ta kama matsala ba ta saki. Ga wasu tagwaye masu amfani da adireshi ɗaya, wannan ya rubuto abu da safe, wancan ya ƙaryata shi da rana, kowa ya rasa da wa yake magana. An taɓa shafe damina guda ana musu a kan ko maɓallin rufe taga ya zauna a dama ko a hagu. Malam bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ya san wanda aka yi wa haihuwa, ya san wanda aka kora daga aiki, ya san lokacin da uwar Mujiya ta kwanta ciwo. Su ma sun san sunayen 'ya'yansa kaf.

Sai aka fara zamewa. Tagwaye suka sami aiki mai cin lokaci. Mujiya ta koma wata sabuwar manhaja mai ƙyalli, wadda tagoginta ke shawagi suna inuwa. Wata safiya kuma aka ga saƙo daga adireshin Mai Haƙori, amma ba shi ya rubuto ba, matarsa ce. Ta ce ya rasu, kuma ya bar wasiyya a miƙa wa Malam makulli. Malam ya yi kuka a ɗakin nan, kukan rashin ɗan'uwa, a kan mutumin da ko muryarsa bai taɓa ji ba.

Ya riƙe amana kuwa, ba wanda zai ce bai riƙe ba. A hannunsa Gwaggo ta yi tsaf, ba ta faɗuwa, ba ta cin wuri. Kuma ba wai mutane sun daina aiko da faci ba ne, suna aikowa. Abin da ke faruwa shi ne, Malam zai karanta, ya gwada a kan Jaka, ya ga yana aiki, sai ya rubuta wa mai shi, "Na gode ƙwarai, ya yi kyau. Saura kaɗan." Daga nan ya naɗe hannun riga ya sake rubuta abin daga farko. Nasa ya fi kyau, wannan ba musu. Amma tunda layukan da suka shiga nasa ne, sunan mai facin ba ya hawa tagar. Mutum ya aiko sau ɗaya, ya daure ya sake aikowa, daga nan shiru kake ji. Malam kuwa sai ya girgiza kai ya ce yaran yanzu ba su da juriya.

Har Auta, 'yarsa ta ƙarshe, sai da ta ɗanɗana. Tana sakandare lokacin, ita kaɗai ce a cikin 'ya'yansa ke shigowa siton. Takan kifa bokitin fenti ta zauna a gefensa, tana tambaya kamar ta cinye shi. Ita ta ga cewa agogon Gwaggo ba ya faɗar ranar mako, ta ɓoye ta yi ta fama a hutun makaranta har ta sa shi yana faɗa in ka ɗora maus a kansa. Malam ya ji daɗi, baki har kunne. Ya shafa kanta, ya ce ya yi kyau, saura kaɗan. Bayan an fitar wa jama'a da sabon zubin Gwaggo sai ya ga ta daina shigowa. Ya ɗauka girma ne ya zo, da ƙawaye, da jarrabawa. Ta girma ɗin kuwa, ta karanci kwamfuta, yanzu ita ce ke shugabantar masu rubuta manhaja a wani kamfanin inshora, da mijinta da 'ya'yanta. Gwaggo dai ko sunanta ba ta ƙara kamawa ba.

Yanzu ga shi ido na tafiya, ga wa'adi na matsowa. Malam ya rubuta sanarwa ya liƙa a shafin Gwaggo, ya aika zauren imel ɗin da ya zama kamar kango: ana neman masu sa kai, ko mutum ɗaya ne.

Amsoshi suka zo, har sun fi yadda ya zata, sai dai yawancinsu ta'aziyya ce. Wani ya ce Allah sarki, a kan Gwaggo ya koyi kwamfuta, ashe tana nan da rai. Wata ta ce Allah ya saka da alheri, ta so ta taimaka amma ga yara. Wani ya zo da zafinsa, ya ce a rushe komai a sake ginawa da sabon salo, shi zai jagoranta. Malam ya tura masa layukan ya duba, daga ranar ko tarinsa ba a sake ji ba. Wani kuma ko sanarwar bai karanta ba, tambaya yake me ya sa firintarsa ba ta aiki. Malam ya amsa masa, firinta ta tashi, ya yi godiya ya tafi abinsa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce ita ma'aikaciyar laburare ce a wani ƙaramin gari, tana da ɗaki guda na tsofaffin kwamfutoci da mutane ke zuwa neman aiki da rubuta takardu a kansu, kuma duk Gwaggo ce a kai. In aka sauke ta, ɗakin ya mutu. Ta ce ba ta ƙware ba, da kanta ta koya, amma ga abin da ta iya. Ta haɗo da faci mai tsawo, na farkon gyaran da sabon tushe ke bukata.

Malam ya gwada a kan Jaka, ya yi aiki. Ya fara karantawa, idonsa ya yi ta ruwa, layuka na hawa kan juna. Abin da ya iya gani kuwa ya ishe shi takaici. Inda layi ɗaya zai wadatar, Mai Laburare ta zuba tuli. Ta bi ta bayan gida ta shiga ɗakin da ƙofarsa ke buɗe. Hannunsa ya fara ƙaiƙayi, amma idon da zai raka hannun babu.

Ranar Asabar da yamma Auta ta kawo yara gaisuwa. Suna tsakar gida suna wasa da kakarsu, Malam ya leƙo ya yafito ta.

"Zo ki ara mini idonki."

Ta tsaya a bakin ƙofar siton tana kallon ciki. Fankar na nan da kukanta, bokitin fentin ma yana nan a kusurwa, ya yi tsatsa. Ya tashi ya ba ta kujerarsa, shi ya jawo bokitin ya kifa ya zauna. Ya ba ta labarin wa'adin, da na Mai Laburare. Ta karanta masa facin a bayyane, layi bayan layi, yana saurare ido a rufe, yana ɗan tsaki a hankali.

"Yawwa, tsaya nan," ya ce. "Goge daga nan zuwa ƙasa. Zan faɗa miki abin da za ki rubuta."

Auta ta ɗauke hannunta daga kan kibod ta ɗora a cinya.

"Baba, facin yana aiki ko ba ya aiki?"

"Aiki kam yana yi. Amma ke ma kin gani ai. Saura kaɗan."

"Na gani. Ni ma da ba haka zan rubuta ba. Amma ba zan goge mata ba."

"Haba Auta, taimakon ta za mu yi."

"Baba, mutum kake nema ko hannu? In hannu ne, ga nawa, in buga maka yau. Gobe in tafi aiki. Ita kuma ta buɗe ta ga ba layinta ko ɗaya a ciki, ta gane ba a bukatar ta, ta kama gabanta kamar sauran."

"Sauran ai su suka gudu."

Ta juyo ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba, don ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

"Ka tuna agogo?"

"Na tuna mana," ya ce, fuskarsa ta washe. "Wanda muka yi tare."

"Ba tare muka yi ba, Baba. Ni na yi nawa, kai ka yi naka, naka ya shiga. Ranar da aka fitar, kana makaranta, na shigo nan na zauna a kan bokitin da kake kai yanzu, na danna tagar sunaye. Na zauna ina kallo har suka ƙare. Na ce ko ƙiftawa na yi, na sake dannawa."

Malam ya sunkuyar da kai. Shi duk shekarun nan agogon nan yana cikin abubuwan da yake tunawa ya ji sanyi a ransa. Ko sau ɗaya bai taɓa kawo wa zuciyarsa cewa a wurinta ciwo ne ba. Kunya ta rufe shi, ga shi zaune a kan bokiti gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

Matarsa, wadda ta zo kiran su shayi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Ni kam shekara da shekaru ina shanya a gidan nan, har yau ban taɓa shanya daidai ba." Ta faɗa da wasa, amma ba wanda ya yi dariya.

Can ya nisa ya ce wa Auta, "To ke ba za ki karɓi makullin ba? Kin fi Mai Laburare iyawa nesa ba kusa ba."

"A'a, Baba. Ka yi haƙuri. Ba zan karɓi abu daga hannunka ba, don ba za ka saki ba."

Ta miƙe ta tafi wurin 'ya'yanta. Da za su tafi ta durƙusa ta yi masa sallama kamar kullum, ya sa musu albarka, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Washegari da safe ya shiga siton, ya kunna Jaka, ya je ya dafa shayi ya dawo. Facin na nan inda suka bar shi, da tulin layukansa. Ya daɗe yana kallon sa. Sai ya tuna nasa na farko, wancan mummunan, da yadda Mai Haƙori ya karɓe shi. Likitan ba makaho ba ne, ya ga munin sarai, ya fi kowa gani. Ashe da gangan ya bari. Malam ya shekara nawa yana ɗauka sa'a ya ci, ko kuwa ranar majinyata sun yi wa likitan yawa bai duba da kyau ba.

Ya shigar da facin yadda yake. Ya buɗe imel zai ba ta amsa, kafin ya ankara yatsunsa sun riga sun buga "Ya yi kyau, saura". Ya goge. Ya rubuta, "Ya shiga. Sannu da zuwa." Ya tura da sauri, kamar mai haɗiyar magani mai ɗaci.

Kada ka ɗauka daga nan abu ya zo da sauƙi. Mai Laburare ta ci gaba da aiko da faci, kowane da irin nasa karkacewar, Malam yana karɓa yana cije leɓe. Wani lokaci har zama yake a kan tafin hannunsa. Akwai facin da ya shiga ya lalata buga takarda, mutane suka yi ta ƙorafi a zaure, har da mai firintar nan. Malam ya san inda matsalar take, ya san layin, da ido a rufe zai iya gyarawa. Matarsa ta gan shi yana zagaya tsakar gida hannu a baya, ya je bakin siton ya dawo, ya je ya dawo.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Ina jira ne."

Abin da ya rubuta wa Mai Laburare kawai shi ne ta duba wajen da ake aika takarda zuwa firinta. Ta kwana biyu tana lalube, ta gano, ta gyara ta hanyarta, wadda ba ita ce tasa ba. Ta rubuto tana murna kamar yarinya. Bayan nan ta jawo wani mai gyaran kwamfuta da ke taimaka mata a laburaren, shi kuma ya jawo wani abokinsa. Zauren ya fara motsi. Har musu aka yi a kan launin sandar ƙasa, Malam yana karantawa da ƙyar yana murmushi shi kaɗai.

Kafin wa'adi ya cika ya miƙa mata makulli. Masu babbar manhaja suka duba, suka ga mutum biyu, suka ga gyara ya kammala, suka ce Gwaggo ta zauna. Bai daɗe ba kuma ya rubuta musu cewa a ba mai gyaran kwamfutar nasa makullin, don idon ya kai inda ko da hanci a kan allo ba ya iya bin layi. Ranar ya fito daga siton tun hantsi, ya rasa inda zai sa kansa. Ya bi igiyar shanya da kallo, ya ga wata riga ta karkace, ya wuce ta ya je ya zauna.

Aka ɗau lokaci. Ya rage shiga ɗakin, don ba daɗi mutum ya zauna gaban abin da ba ya gani. Sai wata safiya Mai Laburare ta aiko masa saƙon murya, karo na farko da ya ji muryar wani daga cikin mutanen Gwaggo. Muryar babbar mace ce, mai ɗan kaushi. Ta ce sabon zubi ya fito, don Allah ya ɗora a kan Jaka ya gwada, akwai abin da aka ƙara saboda masu raunin gani.

Ya lallaɓa ya ɗora. Jaka ta yi nishinta ta farka. Sai wata tambaya ta fito a tsakiyar allo da haruffa manya-manya kamar na allon shago, ko yana son komai ya zama babba. Ya danna eh. Nan take Gwaggo ta buɗe a gabansa, tagogi, foldoji, sandar ƙasa, har ɗan agogon kusurwa, duk ga su raɗau. Rabon da ya gan ta haka har ya manta. Sandar ta sake launi, wani launi da shi da ba zai taɓa zaɓa ba, kuma maɓallin rufe taga ya ɗan karkace. Ya gani sarai, ya bar su yadda suke.

Ya kai maus ya danna tagar sunaye. Suka fara hawa. Mai Haƙori a gaba, Allah ya ji ƙansa. Mujiya. Tagwaye, suna biyu a layi ɗaya. Nasa. Da can daga nan 'yan kaɗan ne suke biyo baya sai tagar ta ƙare. Yanzu ga Mai Laburare, ga mai gyaran kwamfuta, ga abokinsa, ga wasu da bai ma sani ba. Sai na ƙarshe ya taso daga ƙasa a hankali, da manyan haruffa, sunan Auta na yanka, wanda shi da bakinsa ya raɗa mata ranar da aka haife ta.

Ashe ita ta rubuta gyaran manyan haruffan. Ba ta gaya masa ba, ba ta kawo masa ba. Sai da ta tabbata makullin ya bar hannunsa sannan ta aika wa Mai Laburare, baƙuwar da ba ta taɓa gani ba, ita kuma ta karɓa. Daɗi da kunya suka haɗu suka rufe shi.

Ya kira matarsa. Ta zo hannunta jiƙe, ta tsaya a bayansa, ya sake dannawa, suka jira tare har sunan ya ɓullo. Wannan karon ba ta tambayi abin da za a bayar ba. Ta goge hannu a zaninta, ta ɗauko wayarsa ta kira masa Auta, ta miƙa masa.

"Na gani," ya ce.

Yana jin hayaniyar ofis a bayanta.

"Kana iya karantawa, Baba?"

"Tsaf."

"Ka duba layukan? Na san akwai inda na yi sauri."

"Ban duba ba," in ji Malam. "Sunan nake kallo."

Tagar ta kai ƙarshe ta tsaya. Yana riƙe da wayar a kunne, ya lalubo maus ya sake dannawa.